Matar da Firmin Ya Sassaƙa Sau Goma Sha Bakwai

Firmin Rabaté ɗan mai sassaƙa duwatsun kabari ne a garin Montbrac. Yana da shekara ashirin ya ce shi ya fi ƙarfin rubuta sunayen matattu, ya tafi Paris neman suna. Bayan shekara biyu ya dawo da gemu da tari, suna kuwa ko ƙyallinsa.

Ana nan sai majalisar gari ta ba shi aikin sassaƙa Marianne, matar nan da ake girke mutum-mutuminta a kowane zauren gari a matsayin fuskar ƙasarsu. Aikin sai da mace a zaune yana dubanta. 'Yan matan gari duk suka noƙe, sai Léontine mai sayar da cuku ta yarda, wai tana so ta ga ƙarshen shirme.

To ita Léontine ba a halicce ta da rufe baki ba. Wata uku tana kan kujera tana yi masa faɗa: gemunsa duk ƙura, shagonsa kamar akurki, gudumarsa tana sa mata ciwon kai. Shi kuwa Firmin, abin da ido ya gani shi hannu ke yi. Marianne ta fito baki a ɗan buɗe, gira ɗaya a sama, kamar ta kama ka da yatsa a tukunyar miya.

Da ya yaye zanen da ya rufe aikin, Léontine ta ƙare masa kallo.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ke ce mana."

"Allah ya sawwaƙe. Wannan ai hancin uwarka ne."

Kafin shekara ta fita ya aure ta, a zauren gari inda ake ɗaura aure, a ƙarƙashin hancin.

Nan da nan garuruwan kewaye suka gano amfanin fuskar. Angon da ya zo yana jan ƙafa, yana ɗaga kai sai ya amsa tun ba a gama tambayarsa ba. 'Yan majalisa suka daina gyangyaɗi. Goma sha bakwai irinta Firmin ya sassaƙa, har jaridar lardi ta buga hotonsa, Léontine ta naɗe wa wani cuku da shafin. Shekara arba'in da shida yana jiran ta ce "ni ce" ko sau ɗaya. Ina! Kullum sai dai "matar nan taka". Wannan ya fi ciwon gwiwa damunsa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Sai aka yi sabon magajin gari, matashi, Duvernet. Ya ce fuskar tana razana baƙi, ya sa aka kawo wata daga birni, sumul, mai murmushi. Firmin bai yi musu ba. Ya dai rataye guduma, ya daina taɓa miya.

Ranar da za a sauke tsohuwar Marianne, Léontine ta sa hular zuwa coci, ta tasa shi gaba. Suka tarar da ma'aikata biyu a kan tsani. Ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin mutum-mutumin, baki a ɗan buɗe, gira ɗaya a sama. Ma'aikatan suka dubi sama, suka dubi ƙasa, suka sauko a hankali.

"Madam Rabaté," in ji Duvernet, "ai zamani ne ya..."

"Kai, ɗan gidan Duvernet, rufe mini baki. A nan aka ɗaura wa ubanka aure yana leƙen ƙofa. Ba don ni da na harare shi daga can sama ba, da ba a haife ka ba. Yau kai ne za ka sauke ni?"

Aka ɗauke tsani. Mai murmushin har yau tana cikin kwalinta.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka zo wajen gidan burodi Firmin ya ce, "Tsohuwa, kin ce 'ni'."

"Ban ce ba."

"Sau biyu."

Ta ci gaba da tafiya, can ta tsaya ta miƙa masa hankici.

"Share hawayenka, mutane suna kallo." Ta gyara masa wuyan riga. "Ni ce, tsoho. Tun ranar farko na sani. Amma hancin na uwarka ne."