Ɗiyar da Inna Ba Ta Ƙirga Ba

Shekarar da ciwon kai ya kayar da ƙanena, bayan farin nan na biyu da aka yi rashin ruwan sama, ni da Inna da kawunmu muka kai shi asibitin Damagaram daga Tanut. Kawu tsohon soja ne, shi ke yi mana tafinta, yana taunar Faransanci kamar goro.

Likita ya leƙa idon ƙanena, ya shafa ƙullutun da ke bayansa, ya ce ƙari ne a cikin kai, kuma irin wannan yana bin jini. Babanmu ma da ƙullutun nan ya rasu. Sai likitan ya ce a tambayi Inna 'ya'yanta nawa, duk mai alamar a kawo shi tun da wuri, ko a samu a tura shi Yamai.

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyu."

Mu uku ne. Amma yayata 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi a gaban mutane, kunya ce. Tun yaye kaka ta ɗauke ta zuwa Ollelewa, can ta yi aure. In ta zo ganin gida ni na sha cuɗa mata baya, na san ƙullutun nan a jikinta kamar tafin hannuna.

Na ce, "Kawu, faɗa mishi akwai Yaya."

Ya harare ni. "Ke, rufa min baki. Uwarki za ki kunyata gaban baƙo? So kike a ce jininmu da ciwo?" Ya juya ya ɗaga wa likita yatsu biyu.

Na aika wa mijin Yaya saƙo a kai ta a duba, ya ce mace mai daka da ɗiban ruwa me za ta je nema asibiti. Ba na cewa da an kai ta da ta rayu, kwana na Allah ne. Amma ko duba ta ba a yi ba.

Ƙanena bai ga girbin shekarar ba. Yaya kuwa kunne ya fara tafiya, sannan ido.

Ranar da labarin rasuwarta ya zo, Inna tana surfe. Ta tsaya, ta gyara ɗaurin zane, ta ci gaba. Matan unguwa suka yi ta yabonta, wai ko hawaye ɗaya ba ta zubar ba.