Ɗigon Jan Fenti a Bayan Kontar

Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Waɗanda suka san ni a tashar Dogon Dutsi sun sani. Da ku nake, samari masu koyon aikin mota.

Ba ɓarawo aka haife ni ba. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Matankari. Na yi lakwal, makarantar boko, kaɗan aka kore ni, na fito da karatun lambobi da ɗan rubutun da kuke gani. Iyayenmu sun rasu da wuri, suka bar ni da ƙanwata Hassi. Ni na goya ta, ni na aurar da ita. Ba ni da kowa sai ita.

Aiki na koya a garejin Baba Yakuba, wani tsoho Kirista da ba ya dariya. Shi ya nuna mini kontar, agogon nan na gaban direba, wanda allurarsa ke nuna gudu, lambobin ƙasa kuma suna ƙirga tafiyar da mota ta yi. Tsofaffin kamiyo, manyan motocin kaya, duka da kabul suke aiki, wata waya da ke juyawa daga akwatin giya zuwa bayan agogon. Baba ya ce in allura tana rawa, kabul ne ya bushe ko ya lanƙwashe, a zare shi a wanke da gazuwal, man dizal, a shafa giris. In allura da lambobi sun mutu tare, ka kwance kabul daga ƙasa ka murza da yatsu. In allura ta motsa, laifin ɗan haƙorin da ke jikin akwatin giya ne, ya cinye. In ba ta motsa ba, kabul ya tsinke. In kuwa lambobi na tafiya allura na kwance, ciwon yana cikin agogon kansa.

Yana da wata al'ada. Duk kontar da ya buɗe sai ya ɗiga mata jan fenti a baya. Ya ce, "Don ran da ta dawo ka san hannunka ne, kada ka yi ma mai mota gardama." Na ɗauki al'adar har hannuna ya riƙa yi ba da sanina ba.

Da Baba ya rasu na kafa rumfata. Ɓarna ta fara da abin da ban ɗauka komai ba. Wani direba zai saci hanya ya kai kaya kasuwar Tibiri da motar maigidansa, ya roƙe ni in cire kabul ya je ya dawo in mayar, don kada lambobi su tona shi. Na yi, ya saya mini nama. Ya gaya ma abokansa.

Daga nan labari ya kai ga Alhaji Tanko, dillalin da ke kawo gajiyayyun motoci yana musu sabon fenti. Ya zo rumfata ya ce, "Injiniya, an ce kana tsai da rana. To ka iya mai da ta baya?" Na ce, "Alhaji, wanga ba gyara ba ne." Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa ma tana sa lalle. Rage mata shekaru kawai." Na buɗe agogon, na zare sandar lambobin, na juya su da yatsa. Motar da ta gama yawon duniya ta koma yarinya kafin shayi ya dahu. Na rufe, na ɗiga jan fentina. Haka na yi ta yi masa, ban taɓa tambayar wa zai saya ba.

Wata ranar kasuwa sai ga Mamman, mijin Hassi. Mutum ne mai kunya, bai taɓa kiran sunana ba. Ya sayar da shanunsa duka, har na gadon uwarsa, zai sayi kamiyo ya riƙa ɗauko hatsi daga ƙauyukan Sukukutane. Ya ce, "Yaya, ni ban san mota ba. Hassi ta ce kada in ba da ko dala sai ka gani da idonka."

Ya kai ni wurin Alhaji Tanko. Motar shuɗiya ce, tana ƙyalli. Na shiga, na kwanta na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, na haska tocila. Ga ɗigona nan ja. Na tuna ta sarai, na tuna lambar da na tarar kafin in juya. Na daɗe a kwance a wurin, ba abin da nake dubawa. Ina jin Alhaji a waje yana cewa, "Bari likita shi gama awo." Na san in na faɗi gaskiya, sai na faɗi wanda ya juya lambobin.

Na fito na kaɗe rigata. Mamman ya ce, "Yaya, mi ka gani?" Na ce, "Mota da sauranta. Saya." Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Ba ta kai ƙarshen kaka ba. Injin ya fashe a cikin rairayin hanyar Sukukutane da hatsin mutane a kai. Da aka jawo ta tasha, wani tsohon direba ya zagaya ta ya ce, "Wagga ai matata ce ta da. Na tuƙa ta har gashina ya yi fari. Wa ya mai da ta budurwa?" Maganar ta kai jandarma. Suka kwance kontar, suka bi sauran motocin da Alhaji ya sayar, kowace da jan ɗigo. Duk tasha an san mai wannan alama. Alhaji ya rantse shi ma cutarsa na yi, ya koma gidansa. Har yau yana sayar da motoci, kuma a sahun gaba yake sallah. Ni aka kai kaso.

Ba duka ko yunwa ne suka fi ci mini rai a kaso ba. Ranar ziyara ce. Ana kiran sunaye, kowa ya fito ya karɓi ɗan kwanonsa, ni ina jingine da bango ina ji. Shekarun da na yi ba a kira ni ko sau ɗaya ba. A bakin wani sabon fursuna na ji cewa Mamman ya tafi arewa haƙar zinariya don ya biya masu hatsi, kuma tun da ya tafi ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ran da aka sake ni ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar Hassi. Na yi sallama. Ta fito, ta rame, ta dube ni. Ta koma ciki ta kawo ruwa a kwanon baƙi, ta durƙusa ta ajiye. Na ce, "Hassi, ni ne." Ta ce, "Na gani, Malam. Sha ruwa, rana ta yi zafi." Na ce gafara na zo nema. Ta ce, "Da ba ka gani ba, da na yafe tun tuni. Amma ka gani. Ni na ce mishi shi kira ka." Ta jira na sha, ta ɗauki kwanonta ta shiga.

Na tuba ga Allah, kuma ina fatan ya karɓa. Na koma rumfata, ina wanke kabul ina canza haƙori, masu zuwa ba su da yawa. Ina cin abincina ni kaɗai. Duk ranar idi ina zuwa ƙofar Hassi, ana ba ni ruwa.

To ku samari, ku ji. Duk wanda ya ce ku cire kabul na yini ɗaya, ku ce a'a tun a nan, don ni ma daga nan na fara. Lambar da kuka tarar a kontar ku bar ta yadda take. Motar da kuka yi ma ƙarya ba ta barin ƙasar nan, wani ne zai sayar da shanunsa ya saya, kuma ba ku ke zaɓen ko wane ne ba. In kuma kun riga kun yi, aka kira ku shaida, ku buɗe baki ku faɗa, ko da za a ɗaure ku. Ni na yi shiru don gudun kaso, na shiga kason, kuma na fito babu mai ce mini Yaya.