Masarar da Ustaz Siddik ya hana ni ci

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ustaz Siddik ya rasu!

Da safen nan ina hawasha, gonata ta ban ruwa, ina sakar wa shuka ruwa aka kira ni. Hatsarin mota, a hanyar Sinnar.

Tare muka taso a ƙauyenmu. Shi ya tafi jami'a ya karanci noma, ni na zauna da fartanya. Doktan Masara nake ce masa, ya yi ta dariya. Ranar da ɗiyata ta kwanta zazzaɓi, shi ya goya ta har asibitin Hajj Abdalla.

Aikinsa wani inji ne, plasma. Iska ce ake ratsa ta da lantarki, a bi da ita kan masarar da ta yi fumfuna don ta karya dafin da ke cin hanta.

Juma'ar nan da ta wuce ya zo mun sha jabana, gahawarmu. Ruwa ya shiga matmurata, ramin da muke binne hatsi, masarar duk ta yi kore-kore. Ita ke nan gare mu har kaka. Na ce, "Ya zol, mutumina, mi amfanin injinka? Sa mini ita ciki, yara su ci."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannunsa, sannan ya ce:

"Isa, injin yana rage dafin, wannan gaskiya ne, kuma ba ya ƙona hatsi. Amma bayan ƙwaya yake taɓawa, ba ya kai wa ciki. Abin da dafin ke komawa in ya karye ma ba mu gama sani ba. Ba zan gwada shi a cikin ɗiyanka ba."

Na ji haushi, na ce boko ya sa masa tsoro. Washegari sai ga buhun dawa daga gidansa.

Kun san al'adarmu, in an yi rasuwa kowane gida yakan kai hatsi a dafa balila ta sadaka. Ɗazu maiɗakina ta ɗauko kwano ta nufi masarar nan, wai in an wanke an shanya shi ke nan, haka iyayenmu ke yi. Na riƙe hannunta. Jama'ar da za su zauna makokinsa za mu ba abin da ya hana ɗiyanmu?

Dawarsa muka ɗiba muka kai.

Allah Ya jiƙanka Siddik, Ya yalwata kabarinka, Ya raya marayunka. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa Fatiha.