Sunan Garin da Mota Ta Taso

Mahaifina ya mutu a tashar mota a Gombe ina ɗan ƙaramin yaro. Mun sauka daga wata babbar mota, ya zauna a gindin bango ya ce bari ya huta, bai sake tashi ba. Ba wanda ya san shi. 'Yan tasha suka yi masa sutura. Da suka tambaye ni sunansa na ce Baba. Da suka tambayi garinmu na ce gida.

Sai suka laƙaba mini sunan garin da motar ta taso, wani gari a kudu cikin duwatsu. Haka ake yi a nan, mutum ya jingina sunan garinsu a bayan nasa. Da sunan na yi dako, da shi na koyi facin taya, da shi na yi aure. Ni ban yi boko ba, amma 'ya'yana duk shi suka kai makaranta.

Abin da na riƙe na mahaifina kaɗan ne. Ƙeyarsa, don a kafaɗa yake ɗaukata, da warin hayaƙi a rigarsa. Fuskar ta ɓace mini tuntuni. Wani lokaci ina cikin cire taya sai wani magidanci ya wuce, in bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Yanzu na girmi mutumin da nake nema. Abin da nake so ɗaya ne, in san ko ɗan wane ne ni kafin a kai ni inda aka kai shi.

Babban ɗana aikin jinya yake yi a ƙasar waje. Da ya zo hutu ya kawo wani ɗan kwali. Ya ce akwai abin da uba yake ba ɗansa namiji a jini, shi ma ya ba nasa, haka har sama, kuma ana ganinsa a yawu. Auduga kawai za a goga a cikin kunci. Na ce goga. Ya hana ni goro tun safe, ya goga, ya tafi da ita.

Bayan watanni ya kira ya ce sakamako ya fito, kakannin kakannina daga wannan yanki na Afirka suke. Na ce wannan ko ni na sani. Ya ce na'urar ba ta san gari ba, gwada mutum da mutum take yi. Sai an sami namiji ɗan garin can shi ma ya ba da nasa. Ya aiko mini da kwalaye, na hau mota zuwa garin ni kaɗai.

Na sami dattawa a ƙofar gidan mai unguwa. Ban iya tsara magana ba. Bayan gaisuwa na faɗi labarina, na ce yawunsu na zo nema. Ɗaya ya ce baƙon da ya nemi yawu yau, gobe gashi da farce zai nema. Ban ji haushi ba. Ni ma in wanzami ya yi mini aski tattara gashina nake yi in binne. Da wani ne ya zo rumfata da wannan buƙata da na kore shi.

Ina bakin hanya ina jiran mota sai wani tsoho ya biyo ni da sanda, Kirista ne, idonsa ɗaya ya mutu. Ya ce yayansa ya bar garin da ɗan ƙaramin yaro bayan matarsa ta rasu, ba a sake jin labarinsu ba. Ya daɗe yana duban fuskata.

"In ma asiri ne, me ya rage mini da za ka ɗauka?" ya ce. "Kawo audugar."

Watannin jiran nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Nakan rufe rumfa in tafi wurinsa da gishiri da sukari. Na fara ce masa Bappa, yana ce mini ɗan yayana. Ya nuna mini kangon ɗakin yayansa, da tsamiyar da ke bayansa. Na tsaya a wurin ina matsa wa kaina in tuna. Har na ga kamar na tuna.

Ɗana ya kira da rana ina wurin aiki. Ya yi ta jan gaisuwa, na ce faɗi.

"Baba, ba jini ɗaya ba ne. Ko kusa."

Na je da kaina na gaya wa tsohon. Ya ce ai motocin wancan zamani ba ƙauyen da ba sa tsayawa su ɗauki mutane, daga can har Gombe, wataƙila a hanya ni da mahaifina muka hau. Ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa, har ni da na girma a tasha. Tsohon ya ce to shi ma ɗan yayan nasa yana wani wuri ke nan. Ya ce in ci gaba da zuwa. Na koma, muka zauna a inuwa muka ci gyaɗa, amma kowa hanya yake kallo. Bara ya rasu, na je jana'izarsa na tsaya daga wajen coci.

Ɗana ya ce sakamakona yana ajiye a wurin masu gwajin, duk ranar da wani ya yi gwajin ya dace da ni za su sanar da shi. Ba su sanar ba.

Yanzu ina Hammadu Kafi a nan Gombe, a gidan da na gina. Na bar faci, gwiwa ta ƙi. Da yamma a ƙofar gida nake zama.