Lambar Auta a Kan Allo

Malam Saura ya tsufa yana koyar da lissafi a firamare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don duk rabawar da yaro ya yi sai ya ɗaga gira ya ce, "To, saura nawa?" Da ya yi ritaya ya tafi da wani tsohon allo da makaranta ta yar, ya jingina shi a ɗakinsa kusa da taga.

Matarsa ta rasu, 'ya'yan mata suna gidajen aure. Auta, namiji ɗaya tilo, ya bar gida tun ranar da ya ce walda zai koya, uban ya ce masa bai haifi jaki ba. Malam ya yi nadamar maganar nan tun kafin yaron ya kai ƙofa, amma mutum ne da gara ya haɗiye garwashi da ya ce ya yi kuskure.

Wata rana ƙanwar marigayiyar ta zo gaishe shi, ta tarar yana shan shayi shi kaɗai.

"Yaya, kai da taurin kai an yanke muku cibiya tare. Ga lambar Auta na samo, da ƙyar. Ka kira ɗanka."

Ta karanto, ya rubuta a allo da alli. Lamba ce doguwa, ko an cire sifilin farko ta haura biliyan. Ya tsaya yana kallonta.

"Cika ce, ba mara ba," in ji shi. "Tana rabuwa da biyu."

"Ni dai kira na ce, ba rabawa ba."

Ya yi alkawari zai kira, amma sai ya gama warware ta tukuna. Tsoro yake ji, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Ya haɗa alƙalumanta ya ga tana rabuwa da tara. Bakwai ma ta shiga ba saura. Abin da ya rage wata ƙatuwar lamba ce da ta ƙi sha ɗaya, ta ƙi sha uku, ta ƙi sha bakwai. Ya ci gaba da gwada mata lambobi ɗaya bayan ɗaya, da hannu, don a wurinsa na'urar lissafi ta ragwaye ce. Kullum bayan karin kumallo sai ya goge ƙasan allo ya fara. Watanni suka shuɗe. Alli ya cinye masa yatsu, amma yana jin kamar hira yake da yaron.

Ranar da ya tabbatar ƙatuwar ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, uzuri ya ƙare. Ya wanke hannu, ya sa hula, ya danna lambar ba tare da ya duba allo ba.

Muryar mace ce ta ɗauka, ana jin keken ɗinki a bayanta. Ya tambayi Auta mai walda.

"Mai walda? Ai, Baba, na daɗe da sayen layin nan. Da farko ana ta nemansa, yanzu an daina. Ban san shi ba wallahi."

Malam ya ƙara manna wayar a kunnensa. Bai so ta ajiye ba, don rabonsa da a ce masa Baba har ya manta.

"'Yata," ya ce, "kin san lambar nan taki tana rabuwa da bakwai?"

"Allah ya ba da lafiya, Baba," ta ce a hankali, ta kashe wayar.