Idon Babana da Insha'in Turanci

Saura wata biyu jarrabawar fita sakandare aka ba mu hutu. Kafin mu taho, malamin Turanci ya ce kowa ya gwada rubuta insha'i a kan wani abu da ya taɓa ganowa. Na dawo Fagge, ga shi Turanci ne darasin da nake tsoro, kuma wanda ya faɗi shi sauran duk sun tashi a banza.

Babana tela ne. Yana da wani aboki a Sabon Gari, dattijon Inyamuri, tsohon akawun jirgin ƙasa, wanda yake wa ɗinkin riguna. Baba ne ya tura ni wurinsa ya riƙa duba mini rubutu.

Na kai masa shafi uku a kan Turawan da suka bi kogin Kwara. Ya karanta ya miƙo mini. "Yaro, kai ka gano kogin? Koma gida ka buɗe ido."

Kwana uku ina zaune a shagon Baba da takarda, ko layi ban iya rubutawa ba. A nan na lura Baba yana laluben bakin yadi da yatsa kafin ya ɗora a keke. In zare ya tsinke sai ya ce, "Zo mu ga ko boko ya bar maka ido, zura mini." Rannan na ga ya ɗinke koriyar riga da shuɗin zare. Sai na gane idonsa ne ba ya gani sosai.

Abin da na rubuta ke nan. Dattijon ya karanta har sau biyu, bai gyara komai ba, ya ɗauki hularsa. "Tashi mu je."

"Don Allah, kar ka gaya wa Baba ni ne."

"To wa zan ce?"

Da ƙyar ya shawo kan Baba suka tafi asibitin ido na mishan. Aka ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Baba ya yi mako bai amsa gaisuwata ba, wai na kai sirrinsa waje.

Ana gobe zan koma makaranta aka yi aikin ido ɗaya. Na bar shi da bandeji, na zauna jarrabawa ban san halin da yake ciki ba. Sai da muka gama wasiƙar dattijon ta iso: idon ya buɗe, amma likita ya hana shi hawa keken ɗinki sai bayan damina.