Shinkafar Disamba a unguwar Sih

Shekara takwas ke nan da muka kai Ladi makwancinta a maƙabartar Baƙi'a. Na ce takwas, amma da za a tambayi ɗakin girkinmu, zai rantse shekara ɗari ce. Ni mai harhaɗa magani ne a wani asibiti a nan Madina, kuma duk wanda ya san ni ya san in na fara labarin ɓera, kafin in gama ya zama giwa. Yau zan daure in faɗi abu yadda yake, tunda mai taka mini burki ba ta nan.

Ladi matata ce, uwar 'ya'yana uku. 'Yar Wusasa ce, gidansu Kiristoci ne kaka da kakanni. Ta musulunta tun tana makarantar koyon jinya, kafin mu haɗu, kuma mahaifiyarta ba ta taɓa rufe mata ƙofa ba. A gidansu, ranar Kirsimeti yara ke yawo da kwanonin shinkafa da miyar kaji zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, da Sallah kuma kwanonin su dawo da nama. Da kwano a ka Ladi ta girma.

Aiki ya kawo mu Madina a farkon shekarun 1990, muka kama haya a unguwar Sih. A nan ranar Kirsimeti ba ta da wata alama, kowa na harkarsa. Amma da Disamba ya yi nisa sai in ga Ladi ta sauko da babbar tukunya. Sadiq da Zainab su zauna a tabarma suna yanka cincin, rabin ƙullun a baki, rabi a gashi. Auta Hanan tana goye. Ni aikina ɗanɗano, kuma ban taɓa neman hutu ba. Cincin ɗin da take soyawa, da za a raba wa alhazan shekara guda, sai sun ci sun yi guzuri.

Sai ta yi wa yaran wanka, ta ɗora musu kwanoni, su bi ƙofa ƙofa. Maƙwabciyarmu Hajja Sa'adiyya, tsohuwa ce da kakanninta suka zo hajji a ƙafa suka zauna, ta kan leƙo tana duban cikin Ladi.

"Ya binti, 'yata, wace munasaba ce? Haihuwa za a yi?"

Ni kan riga ta amsawa: "Hajja, ƙarin girma aka yi mini a wurin aiki." Haka nake faɗa duk shekara. Da gaskiya ne, da yanzu ni ne ministan lafiya.

Shekarar da azumi ya faɗo cikin Disamba, aka kai kwanonin dab da shan ruwa, Hajja ta sake tambaya. Ladi ta harare ni, na haɗiye ƙarin girmana.

"Hajja, yau uwata ke rabon abinci a gida. Ni ba bikin nake yi ba. Hannuna ne ba ya kaiwa gare ta, shi ya sa nake kai wa uwar wani."

Tsohuwar ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Washegari kwanon ya dawo cike da dabinon Khaibar.

Da la'asar kuma sai mu kwashi yaran zuwa ɗakin buga waya a Anbariyya. Kakarsu na can Wusasa tana jira a gidan wani maƙwabcinsu mai tarho. Yaran su yi layi, kowa ya zuba gaisuwar da uwarsu ta biya musu a mota, suna ƙwace kan wayar, har mai wurin ya fara tari. Ladi ta kan ce zumunci a ƙafa yake, amma in ƙafa ta gaza, baki ya wakilce ta.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Kowa da wayarsa a aljihu, har Kaka an saya mata tata. Hanya ta buɗe, maganar ce ta ƙare. Sadiq yana karatu a Khartum, Zainab ta yi aure a Jidda. Hajja Sa'adiyya ta bi Ladi. Saura ni da Hanan a gidan da in cokali ya faɗi sai mu duka mu waiwaya. Na gwada suyar cincin sau ɗaya, abin da ya fito sai dai a kai Mina jifan Shaiɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba tukunyar ce ke damuna ba, Hanan ce. Tana ƙarama uwarta ta rasu. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa, Kaka kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji. Tsorona kada tsohuwar nan ta bar duniya jikarta ba ta san ta ba.

Disamban da ya wuce na kira Kaka, na miƙa wa Hanan wayar. Ta ce "Ina wuni, Kaka," ta ƙara da "alhamdu lillahi," sai ta tsaya tana kallona. Na karɓa ina ba da haƙuri.

"Bar ta, Baban Sadiq," in ji tsohuwar. "Ba hira nake nema ba. Kai da ba ka rasa shirme, sa ta ta yi dariya, ka matso mata da wayar."

Na matso wa Hanan da wayar. Sai na ce mata ai lokacin da nake neman auren uwarta, kyawuna ya sa motoci suna karo a Zariya. Ta dubi sanƙona, ta dubi tumbina, ta fashe da dariya.

Sai na ji muryar tsohuwar a wayar: "Ita ce. Haka take yi, da 'yar shaƙewar nan a ƙarshe."

Na daɗe ina lissafa abin da ya tafi da Ladi, ban lura da abin da ta bari a maƙogwaron yarinyar da nake karya kumallo da ita kullum ba. Sai da uwar Ladi ta ji shi daga ƙetaren teku. Na riga na nemi hutun bana. Zan kai Hanan Wusasa ta zauna kusa da kakarta, ko da ba za su ce wa juna komai ba. Ni zan tsaya daga gefe ina zuba ƙarya iya ƙarfina.

Allah ya jiƙan Ladi, ya haskaka kabarinta, ya ara wa tsohuwar nan kwana har mu iso.